Rigar Keken Malam Jibo

Tun da man fetur ya yi tsada kekuna suka fara fitowa daga bayan ɗakuna a garin nan na Kontagora, ku kuma samari kuka gano ashe akwai abinci a gindin bishiyar da nake zaune. Cikin wata biyu mutum huɗu sun zo mini da magana ɗaya: "Baba Haladu, a koya mana gyara, sati biyu ya ishe mu." Ɗaya ma ya riga ya sayi famfo da kwalbar sholisho, inuwar da zai kafa kawai yake nema. To madalla, ni ba na hana kowa neman halalinsa. Amma abin da kuke gani ina yi, in zaro tiyub in tsoma a ruwa in liƙa faci, wannan ko akuyar da ke kwana a nan ta kusa iyawa. Kallon kitse kuke yi wa rogo. Ku gyara zama a kan bencin nan ku ji, mai sauri kuma ga hanya.

Aikin farko da maigidana ya damƙa mini ƙafar baya ce ta keken wani mai awo, ta karkace tana ta rawa. Maigidan nawa sunansa Baba Ndagi, Banufe ne, gajere, mai faɗa, Allah ya jiƙansa. Kafin ranar nan na yi shekara guda ba abin da nake yi sai wanke boris a gwangwanin kananzir da riƙe masa keke. Ya miƙo mini ɗan makullin ɗaure sifok, siraran wayoyin nan da ke riƙe da ƙafar keke, ya ce in miƙar da ita. Kwana uku ina fama. In na ja na hagu sai ta gudu dama, in na ja na dama sai ta dawo hagu. Ran na uku na kai masa ina washe baki. Ya juya ta sau ɗaya, bai ko dube ta ba, sannan ya bi sifok ɗin ɗaya bayan ɗaya yana ɗana su da farce kamar mai kaɗa gurmi. Ya tsaya a kan guda biyu ya ce, "Waɗannan su kaɗai ke aiki, sauran barci suke. Ido ya ce ta miƙe, amma kafin Juma'a za ta dawo." Ya kwance su duka ya zuba mini a cinya. Ranar saura kaɗan in koma gona.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Sufana, filaya, guduma, samfefa, kwanon ruwa, gwangwanin giris, duk buhu ɗaya zai kwashe su. Abin da ya cinye mini shekara shida a hannun Baba Ndagi shi ne koyon saurare. Shi ba ya karɓar keke a tsaye. Sai ya ce wa mai shi ya hau ya je bakin titi ya dawo, shi kuma ya juya baya ya kasa kunne. Kafin mutum ya sauka ya gaya masa ciwon: boris ɗin feda ya fashe, ko sarƙa ta saki, ko birki na cin taya. Daga nan ya ɗauki sufana ya bi ƙarfen jikin keken yana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara. Wanda tsatsa ta ci kuwa sai ka ji kamar ka bugi kabewa.

Da Baba Ndagi ya rasu na gaji wurin, na kuma gaji safiyarsa. Ku ba ku ga safiyar titin nan ba lokacin da keke ne dokin ma'aikaci. Daga ƙarfe shida da rabi za su fara kwararowa: malaman makaranta da littattafai ɗaure a kariya, leburorin asibiti, masinjoji, akawu ya cusa ƙafar wando cikin safa don kada sarƙa ta ɓata masa guga. Ba hayaƙi, ba ruri, sai ƙararrawa da sallama. Mutum biyu za su jera suna tafe suna hira, ɗaya ya tambayi mai jiki, ɗaya ya ba da labarin farashin dawa, har su rabu a mararraba. Ina durƙushe a kan aiki nake amsa gaisuwar kowa da sunansa ban ɗaga kai ba, don kowace ƙararrawa da muryarta. Wallahi ina kewar safiyar nan, har yau ban sami abin da ya maye mini gurbinta ba.

Gyara wa mai zuwa aiki kuwa daban yake da gyara wa manomi. Manomi zai ajiye kekensa ya shiga kasuwa, sai la'asar. Ma'aikaci a kanka zai tsaya, ido ɗaya a hannunka ɗaya a agogo. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma su kullum ranar tafiya suke kawo nasu. Akwai wani malamin lissafi da sarƙarsa ta tsinke saura minti goma a shiga aji. Na cire gaɓar da ta mutu, na haɗa da wata daga tsohuwar sarƙa, na dasa ƙusar a kan guntun ƙarfen jirgi da bugu uku. Ya haye yana godiya yana tafiya. In ka yi bugu na huɗu gaɓar ta ƙage, in ka tsaya a na biyu ta zare a hanya, kuma duk wanda ya faru da sunanka za a kai ƙara wajen hedimasta.

A zamanin nan ba a barin keke tsirara. Mutum in ya sayi sabo, ko takardar da aka naɗo shi da ita daga kamfani ba ya cirewa. Kai tsaye wajenmu zai kawo a yi masa riga, wato a bi ƙarfen jikinsa kaf a naɗe da siririyar leda mai launi, ja da kore da ruwan ɗorawa, don kada fenti ya ƙarje. Fulanin Bobi su suka fi kowa, ranar kasuwa za su ɗoro kekuna a mota a ƙara musu madubi huɗu da geza a sirdi. Ni kuma hannuna ya faɗa da naɗi, har daga wasu unguwanni ake zuwa. Baba Ndagi yana yi, amma da sharaɗi: duk ƙarshen damina sai an warware rigar, an shanya ƙarfen, an ƙwanƙwasa, sannan a mayar. Ruwa yana bi ta bakin leda ya kwanta a ciki, kuma leda tana haɗiye ƙarar sufana. Wanda ya ƙi a warware masa, sai ya ce ya ɗauki kekensa ya ƙara gaba.

Mutum ɗaya na karya wa wannan sharaɗin, shi ne Malam Jibo. Bakambare ne, dogo, daga wani ƙauye a kan hanyar Ibeto, ya girme ni da kamar shekara goma. Masinja ne a wata firamare a cikin gari. Makullan azuzuwa a wuyansa suke rataye da igiya, shi ke buɗewa, shi ke buga ƙarfen shiga aji. In bai iso ba makaranta ba ta buɗe ba ke nan. Ya yi shekara huɗu yana zuwa a ƙasa kafin ya sayi keke, baƙi, mai kariya. Ranar da ya saya turo shi ya yi har nan, bai hau ba, wai kada ƙura ta taɓa shi kafin a yi masa riga. Na naɗe masa a kan takardar kamfani, kore da fari.

Damina ta wuce na ce a warware. Ya riƙe sirdi da hannu biyu.

"A'a, Haladu. Wannan riga ba za ta fita ba sai ranar da na ajiye aiki. Ranar zan tuɓe masa, in hau shi baƙi wul yana walƙiya, in shiga makaranta. Kowa ya ce Jibo ya yi sabon keke, in ce a'a, tsohon ne, riƙo ne."

Na yi dariya, maganar ta burge ni, na ƙyale shi. Daga nan duk bayan shekara uku ko huɗu, in leda ta koɗe, sai ya kawo in ɗora sabuwa a kan tsohuwa. Ƙarfen ya yi ta kauri har ya kusa taɓarya. Komai na keken nan na sani, na canja masa taya ba adadi, na canja feda, na canja sirdi, amma jikinsa ban taɓa gani ba. Kullum bakwai saura kwata yake wucewa ta nan. Masu shayi da shi suke saita agogo, kuma abin alfaharinsa a duniya shi ne ba a taɓa jiran makulli ba.

Sai shekarar babura ta zo. Babura masu araha suka cika kasuwa, ma'aikata suka yi ta saye kamar ana rabawa. Cikin damina ɗaya titin nan ya canja murya. Mu biyar ne masu gyara a layin nan. Ɗaya ya koma facin tayar mota, biyu suka zama 'yan kabu-kabu, ɗaya ya koma ƙauye. Sai in wuni hannuna bai taɓa giris ba. Na koma gyaran baro da kekunan yara, ina kasa rake a gefe. Abin da ya fi ci mini rai ba rashin cinikin ba ne. Mutanen da na yi shekaru ina amsa sallamarsu sai su wuce fuu, su danna mini oda, kafin in ɗaga hannu sun yi nisa. A kan babur ba a tambayar mai jiki.

Malam Jibo bai saya ba. 'Ya'yansa sun yi sun yi, ya ce, "Babur sai ka ciyar da shi kafin ya kai ka. Wannan kuwa ni zan ci tuwo, shi ya yi tafiya." A shekarar nan ya ɗauki wata ɗabi'a: kullum sai ya tsaya a ƙara masa iska, ko da tayar tana nan tam. Na san iska ba ta fita ba, shi ma ya san na sani. So yake hannuna ya taɓa aiki da safe. Haka muka yi shekaru, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar.

Wata safiya a ƙarshen wata damina mai ruwa, ya ja birki a gabana ya sauke ƙafa, sai na ji ƙyas, ƙaramar ƙara daga wuyan keken, daidai inda ƙarfen gaba ya haɗu da wanda ya gangara wajen feda. Na ɗauki sufana na ƙwanƙwasa, leda ta haɗiye. Na leƙa ƙasan naɗin, na ga wani jan ruwa ya zubo ya bushe.

"Malam Jibo, wuyan nan yana magana."

"Me yake cewa?"

"Sai na buɗe zan ji. Taƙi ɗaya kawai, nan ƙarƙashi. In na duba in mayar."

"Haba Haladu. Saura wata uku fa in ajiye. Na yi haƙurin shekara ashirin da biyu ban leƙa ba, kai ba za ka yi na wata uku ba?"

"Ruwa ya shiga, Malam."

"Ta ina? Ba kai ka naɗa ba? Ko aikin naka yana yoyo ne?"

Yana dariya ya faɗa, amma maganar ta kama ni ta wuri biyu. Ga kunyar mutumin da ya tsaya mini lokacin da kowa ya wuce, ga kuma girman kai, don ban so in ce da bakina naɗina yana yoyo. Sai na ce wataƙila boris ne. Na kwance notin wuya, na cusa giris, na ɗaure tam. Ya hau ya je ya dawo, ƙarar ta ɓuya. Ya ce, "Ka gani?" Na ce na gani. Alhali na san ba boris ba ne, don boris gurnani yake yi, ba ya ƙyas. Da Baba Ndagi ne, da ya ɗaure keken nan da sarƙa a jikin bishiya ya ce a kira duk wanda za a kira. Wannan ne gyaran da ba a koyo a sati biyu, samari: ka dubi mutumin da kake jin nauyinsa ka ce masa ba za ka hau ba. Ni na yi shekara talatin a sana'a ranar, kuma na kasa.

Sati biyar bayan haka, ranar wata Litinin, bakwai ta yi bai wuce ba. Bakwai da rabi na fara kai da kawowa. Wajen takwas sai ga mai babur mai ƙafa uku ya tsaya a gabana, ya sauke keken Malam Jibo. Ya karye a wuya, ya naɗe kamar an durƙusar da raƙumi, ledar ce kaɗai ta hana shi rabuwa biyu. Direban ya ce a gangaren da ke kaiwa kwalbatin rafi ne, Malam Jibo ya faɗa wani rami, ƙarfen ya ba da kai. Ya tsince shi a gefen hanya da karaya a hannun dama, fuska duk ƙurjewa. Ya ce zai kai shi wajen mai ɗori, Malam ya ƙi, ya ce makaranta tukuna. Suka tarar da yara cike da fili, malamai tsaye a bakin ƙofofi a kulle. Da hannun hagu ya ciro igiyar daga wuyansa ya miƙa wa hedimasta, yana ba da haƙuri.

Kashegari na rufe wurin aiki na tafi ƙauyensu. Na same shi a zaure, an ɗaure hannun da karare. Ya ce ƙaddara ce. Na ce, "Malam, ƙaddara ce, amma da hannuna a ciki. Na ji ƙarar nan, na kuma san ba boris ba ne." Ya dubi tabarma, sannan ya ce, "Ni ma na ji, Haladu. Tun kafin kai. Tun watan azumi yake yi mini ita a gangaren nan. Na ce ko zai kai ni." Muna nan zaune aka kawo fura.

Sauran makonnin a bayan ɗan kabu-kabu ya ƙarasa su. Zai wuce ta nan hannu rataye a wuya, ya ɗaga mini na hagu. Ni kuma na kai keken wajen wani abokina mai walda. Ya duba bakin karayar ya girgiza kai, ya ce ƙarfen ya zama gwangwani. Zai iya liƙawa ya tsaya a tura, amma ko yaro ba zai ɗauka ba. Da ya ji labarin rigar sai ya ce, "To ai da sauƙi. Warware ta duka, mu kankare, mu fesa baƙin fenti, ka mayar da leda. Ranar da ya buɗe ya ga abin da yake so ya gani." Na kwana biyu ina juya maganar, don ba ƙaramin so na yi in ga farin cikin mutumin nan ba. Amma na riga na yi masa ƙarya ɗaya da sufana, ga inda ta kai mu. Na ce ya liƙa kawai.

Ranar da ya ajiye aiki, bayan la'asar, sai ga shi da farar babbar riga, an kwance ɗorin amma yatsun ba sa damƙa. Mai ɗori ya gaya masa hannun ba zai ƙara jan birki ba. Ya zauna a kan wannan bencin da kuke kai ya ce, "Haladu, ranar ta zo. Tuɓe masa."

"Malam, ko a bar shi haka?"

"Tuɓe masa."

Na sa reza na kama bakin ledar. Shuɗiya ce a sama, ta bara waccan. Ƙarƙashinta ja, ya ce wannan ta shekarar babura ce. Ƙarƙashinta ruwan ɗorawa, ta shekarar da aka haifi autarsa. Ina warwarewa yana faɗin abin da ya faru a kowace, wa ya rasu, wane hedimasta aka kawo, yaushe rafi ya cinye hanya. Leda ta taru a ƙafafunmu. Da na iso kan kore da fari, ta farko, sai ya sunkuyo yana kallo. Takardar kamfani ta zama baƙin laka. Na ja ta, ta taho da fentin gaba ɗaya, tsatsa tana zuba a ƙasa kamar garin barkono. Ya tashi ya bi ƙarfen da babban yatsan hagu, daga wuya har ƙarƙashin sirdi, yana murzawa yana neman inda baƙi ya rage. Babu ko kamar ƙwayar gero.

Ya daɗe a tsaye. Masu wucewa suka fara rage tafiya suna kallo, sai ya matsa ya tare keken da babbar rigarsa.

"Kana da sauran leda?"

"Akwai."

"Mayar masa da rigarsa. Ba zan shiga da shi gida tsirara ba."

Na zauna na naɗe shi tun daga wuya har baya, a hankali, ban taɓa yin naɗin da ya kai wannan kyau ba, ina yi idona yana cikowa. Da na gama na ce bari in tsayar masa da mai ƙafa uku, tafiyar da nisa kuma rana ta yi sanyi.

Ya ce, "A'a. Shekara ashirin da biyu yana kai ni. Yau ni zan kai shi."

Ya kama ƙahon da hannun hagu, suka ɗauki hanyar Ibeto a ƙasa, su biyu.